Sana'ar Malamin Kodin: Wasa da Karatu a Aji Guda

A jadawalin makarantar sakandare sunansa malamin kwamfuta. A makarantu da dama aikin bai wuce ya zana na'ura a allo ba, ya lissafa sassanta, yara su kwafe su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Amma cikin masu amsa wannan suna akwai waɗanda suka bi wata hanya dabam. Su ne masu koyar da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni daki-daki har ta aikata abin da ake so, kuma da wasa suke farawa. Yaro zai ƙera wasansa da hannunsa, ya buga, ya ga inda ya lalace, ya gyara.

Mai wucewa ta bakin taga, in ya ji shewa da gardama, sai ya ɗauka malamin ya saki aji ne. Wanda ya zauna ciki kuwa zai ga aiki mai tsari, kuma zai lura da abin da masu sana'ar suka daɗe da sani: rabin aikin koyar da karatu ne. Kwamfuta ba ta gane nufi, abin da aka rubuta mata kawai take bi. Yaron da bai iya karanta jimla ya tsaya a kan kowace kalma ba, ba zai iya umartarta ba.

Daga kunkuru zuwa kyanwa

Sana'ar tana da kakanni. Babbansu Seymour Papert ne, masanin lissafi da aka haifa a Afirka ta Kudu a 1928, ya yi aiki a Geneva tare da Jean Piaget, mai binciken yadda tunanin yara ke girma, sannan ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka samar da Logo, yaren kwamfuta da aka yi musamman don yara. Abin da ya sa Logo ya yi suna shi ne kunkurunsa. Da farko wata 'yar na'ura ce mai taya da alƙalami a cikinta, tana yawo a ƙasa tana zane a kan takarda, daga baya ta koma alama a fuskar kwamfuta. Yaro ya ce mata ta yi gaba taku kaza, ta juya dama kaza, ita kuma ta bar layi a bayanta. A littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya tsaya a kan cewa yaro ne ya kamata ya riƙa ba kwamfuta umarni, kada a mai da kwamfuta mai ba yaro umarni.

Ɗalibinsa Mitchel Resnick ne ya jagoranci ayarin da ya fitar da Scratch a 2007, a wannan jami'a ta MIT. A Scratch ba a buga umarni harafi-harafi. An riga an yanka su tubala masu launi, sai yaro ya jawo wannan ya manna a jikin wancan, kuma tubalin da bai dace da wani gurbi ba ba ya shiga. Shuɗi na motsi ne, rawaya na abin da ke tayar da aiki, kore na lissafi. Kyanwa ce ke fara bayyana a fage, tana jiran a ce mata ta yi. An yi shi ne don 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki ba intanet, kuma an fassara shi zuwa harsuna fiye da 70, har da Hausa.

Daga nan abin ya bazu. A 2013 ƙungiyar Code.org ta Amurka ta fara gangamin sa'a guda ta kodin a makarantu. A 2014 Ingila ta sa kodin cikin manhajar karatu tun daga firamare, a 2016 kuma BBC ta raba wa 'yan ajin farko na sakandare a Birtaniya wata 'yar na'ura mai suna micro:bit, wajen guda miliyan ɗaya. Kamfanin SAP ya fara Africa Code Week a 2015, inda aka riƙa horar da malamai a ƙasashen Afirka, kuma Scratch ne ya kasance babban abin koyarwarsa. A Najeriya, tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, iyayen da a da suke ganin ɗakin kwamfuta ado ne suka fara tambayar me ake yi a cikinsa.

Kayan aiki

Ga malamin da ke aiki a makarantar gwamnati a Arewa, kwamfuta ba ita ce farkon kayan aiki ba, domin ba kullum ake samunta ba. Wata rana an ɗauke wuta, wata rana babu man janareta, wata rana makullin ɗakin yana hannun wanda bai zo ba. Saboda haka jakarsa ba ta rabuwa da alli da kwali da almakashi.

Akwai hanyar koyarwa sukutum da ba ta buƙatar na'ura, wadda Tim Bell na jami'ar Canterbury a New Zealand da abokansa Ian Witten da Mike Fellows suka tattara tun shekarun 1990 da sunan CS Unplugged. Ɗaya daga cikin wasanninta da kwalaye biyar ake yi. Na farko ɗigo 16 ne a jikinsa, na biyu 8, sai 4, sai 2, sai 1. Yara biyar su fito gaban aji kowa ya riƙe ɗaya. Malam ya ce yana son 13. Aji ya kaure da shawara har a gano cewa mai 8 da mai 4 da mai 1 ne za su nuna nasu, sauran biyun su kifa. In aka rubuta 1 ga wanda ya nuna, 0 ga wanda ya kifa, an sami 01101. Da kwalayen nan biyar za a iya fitar da kowace lamba daga 0 zuwa 31, kuma yaro ya fahimci yadda kwamfuta ke ƙirga ba tare da an kunna ko ɗaya ba.

Wani wasan a tsakar makaranta ake yin sa. A zana gidaje da alli ko a shata su a ƙasa, a ajiye dutse a wani gida, yaro ɗaya ya zama na'ura. Sauran su rubuta masa umarni a takarda: gaba uku, juya hagu, gaba biyu. Sharaɗin shi ne kada ya yi amfani da hankalinsa ko kaɗan. In takarda ta kai shi bango, bangon zai nufa. Dariyar da ake yi a nan ita ce darasin, domin kowa ya ga cewa laifin na mai rubutu ne.

Malami mai basira yakan waiwayi wasannin gida. Dara tana da gurabe 30, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Yaran da suka iya ta tun suna ƙanana, in aka ce su rubuta dokokinta yadda baƙon da bai taɓa gani ba zai buga, sai su ga aikin ba sauƙi. Wa zai fara? In ba ka da wurin matsawa fa? Yaushe wasa ke ƙarewa? Haka ma carafke a wajen 'yan mata: jefa, kwashe, cafke, in dutse ya faɗi ki ba ta gaba. Duk ginshiƙan kodin uku suna nan, jerantawa da maimaitawa da sharaɗi.

Yadda darasi ke tafiya

Ranar da aka sami wuta, ɗalibai sun fi na'urori yawa nesa ba kusa ba, kuma darasin minti 40 ne, ciki har da shiga da zama da jiran tsohuwar kwamfuta ta farka. Malam yakan raba su bibbiyu ko uku-uku, ya ce ɗaya direba ne ɗaya kwandasta. Direba ke riƙe da linzamin kwamfuta, amma ba ya motsawa sai kwandasta ya karanta ya faɗa masa inda za a nufa. Bayan 'yan mintoci a yi musaya. In ba a yi haka ba, yaron da akwai kwamfuta a gidansu zai ƙwace linzami har a tashi, mai kunya kuma ya gama zango bai taɓa ba. A makarantun da maza da mata ke haɗe, sau da yawa 'yan matan ne ke komawa 'yan kallo, shi ya sa malamai da yawa ke haɗa mace da mace.

Darasin farko yawanci zane ne. Murabba'i: gaba 100, juya 90, sau huɗu. Yaro zai jera tubala takwas, sai malam ya tambaye shi ko bai gaji da maimaita abu ɗaya ba, ya nuna masa tubalin maimaitawa, tubala takwas su koma uku. Daga nan a ce a zana alwatika mai gefe daidai. Kusan kowa 60 yake sawa, domin haka malamin lissafi ya ce kusurwarta take. Sai zanen ya buɗe baki ya ƙi haɗuwa. Malamin kirki ba zai faɗi amsa ba. Zai sa yaro ya tashi ya taka alwatika da ƙafarsa, ya ji yadda jikinsa ke juyawa a kowace kwana, har ya gane cewa zagaye ɗaya 360 ne, in aka raba uku 120 ne.

Bayan makonni a kai ga wasa na gaske. A ce mangwaro na faɗowa daga sama, ɗan wasa na tura kwando hagu da dama. Fagen Scratch faɗinsa 480 ne, tsawonsa 360, sifili kuma a tsakiya yake, don haka mangwaron zai taso daga 180 a sama ya gangaro. In ya taɓa kwando a ƙara maki ɗaya, in ya kai ƙasa a rage rai. Kurakuran da za a yi malam ya san su tun kafin a yi. Wani zai manta ya mai da maki sifili a farkon wasa, sai sabon ɗan wasa ya gaji makin na baya. Wani zai ajiye tubalin sharaɗi a wajen tubalin maimaitawa, kwamfuta ta duba sau ɗaya tak ko mangwaro ya taɓa kwando, ba ta ƙara dubawa ba.

A nan ake jin kiran da ya fi kowane yawa a ajin: “Malam, ta ƙi!” Amsar ƙwararre tambaya ce: “Me ka ce mata ta yi? Karanta mini daga sama.” Sabon malami yakan karɓi linzami ya gyara cikin daƙiƙa goma, yaro ya yi murna, amma bai koyi komai ba. Tsohon hannu yakan goya hannuwansa a baya da gangan. Wannan haƙuri shi ne abu mafi wuyar koyo a sana'ar.

Inda karatu ya shigo

Yaran da ke shigowa aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba duka ne suka iya karatu ba, kuma duk malamin da ke aji ya san haka. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Waɗannan yaran ne ke zuwa sakandare bayan shekara biyu ko uku, inda ake koyar da su da Turanci, ko da Faransanci a Nijar. Yaro ɗan shekara 13 da bai iya karatu ba ya ƙware wajen ɓoyewa. Yana kwafe allo da rubutu mai kyau, yana motsa baki in ana karatun taro, yana zama a baya.

A gaban kwamfuta ɓuyan ba ya yiwuwa, amma kuma kunyar ba ta kai ta tsayuwa gaban aji ba. Kalmomin tubalan gajeru ne, suna dawowa kullum, kuma kowace tana da sakamako nan take. Ka jawo tubalin juyawa, kyanwa ta juya. Yaro yana da dalilin da zai sa ya matsa wa kansa ya gane abin da ke rubuce, domin wasansa ne ke jira.

Malaman da suka ɗauki wannan ɓangare da muhimmanci suna da ƙa'idoji. Ta farko, ba a taɓa na'ura sai an rubuta wasan a takarda: sunansa, su wa ke ciki, yaya ake ci, yaya ake faɗuwa, cikin cikakkun jimloli, da Hausa in Turancin bai kai ba. Ta biyu, karanta kodin kafin rubuta shi. A Ingila Sue Sentance da abokan aikinta sun tsara wata hanya mai matakai biyar da ake kira PRIMM. A ba yara gajeren kodin da aka riga aka rubuta, su karanta su yi hasashen abin da zai yi, a kunna a gani, a bincika layi-layi, a sauya wani abu, sai a ƙarshe su ƙirƙiro nasu. Duk malamin harshe zai gane wannan tsari, domin haka ake koyar da fahimtar labari: me kake jin zai faru, me ya faru, ina shaidarka a cikin rubutun?

Ta uku ita ce labari. Scratch yana da tubalin magana da na jira, saboda haka ana iya tsara tatsuniya a cikinsa. Yara su ɗauko Gizo da Ƙoƙi, su rubuta abin da kowa zai faɗa, su auna daƙiƙoƙi don kada maganar wani ta hau ta wani. Wanda bai san farko da tsakiya da ƙarshen labari ba zai gani da idonsa, Ƙoƙi na ba da amsa tun Gizo bai yi tambaya ba. Manyan ɗalibai kan yi amfani da Twine, manhajar da ake rubuta labari mai rassa, inda mai karatu ke zaɓar abin da jarumi zai yi, kowane zaɓi ya kai shi wani shafi. Yaron da ba ya iya cika rabin shafi a darasin insha'i sai a same shi ya rubuta shafuka, don yana son abokansa su ga ƙarshe uku dabam-dabam.

Wasan kacici-kacici kuwa yana gyara ƙa'idar rubutu. In amsar da aka ajiye ƙwai ce, wani ya rubuta da k mara lanƙwasa, kwamfuta za ta ce bai ci ba. Daga nan aji zai shiga neman yadda ake fitar da ɓ da ɗ da ƙ a madannai, da kuma shawarar ko a sa wasan ya karɓi rubutu iri biyu. A manyan azuzuwa, in aka koma yaren kwamfuta na Python inda ake buga komai da hannu, harafi ɗaya ko tazarar farkon layi kan tsayar da aiki cak, kuma saƙon da na'ura ke fitarwa don bayyana kuskure shi ma rubutu ne da sai an zauna an karanta.

Iyakar abin

Masu sana'ar na gaskiya ba sa cika baki. Tun a shekarun 1980 Roy Pea da Midian Kurland suka bi yaran da suka koyi Logo a New York, ba su ga alamar cewa iya tsara kodin ya sa sun fi sauran yara iya tsara wasu ayyuka ba. Darasin da aka ɗauka shi ne fasaha ba ta tsallakawa daga wannan fanni zuwa wancan da kanta, sai malami ya kai ta. In ana son kodin ya taimaki karatu, dole a sa karatun da rubutun cikin darasi da gangan, a kuma haɗa kai da malamin Hausa da na Turanci.

Yaron da bai san haruffa ba kuwa, babu wasan da zai maye masa gurbin koyon baƙi da wasali. Abin da malamin kodin zai yi shi ne ya gano shi da wuri, a asirce, ya miƙa shi ga wanda zai zauna da shi. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin raba yara gwargwadon matakinsu, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari, ba gwargwadon aji ba, kuma an yi aiki da shi a wasu jihohin Arewa. Irin wannan ne maganin, ajin kodin kuma ya zama wurin da yaron ke ganin amfanin abin da yake koyo.

Akwai kuma haɗarin wasan ya cinye darasin. Yara na iya ɓata minti 40 suna sauya wa kyanwa launi. Malam yakan sa doka: kowane darasi sai an fita da abu ɗaya sabo da ke aiki, kuma a iya bayaninsa da baki.

Koyon sana'ar da cin abinci da ita

Ƙofofin shiga suna da yawa. Wasu sun yi NCE a fannin kwamfuta a kwalejin ilimi, wasu digiri ko difloma, wasu masu yi wa ƙasa hidima ne da aka turo makaranta aikin ya shiga ransu. Wasu malaman lissafi ne ko kimiyya da aka ce su riƙe ɗakin kwamfuta tunda babu kowa. Takardar shaida da rajista da hukumar malamai ta TRCN suna ba mutum izinin shiga aji, amma dabarun da aka ambata yawanci a wajen 'yan'uwa ake tsintarsu, a bita, a zauren WhatsApp, da kuma daren da mutum ya raba yana gina wasan da zai koyar gobe don ya riga yara faɗawa ramukansa.

Iya kodin kaɗai ba ya isa. Gwanin manhaja da yawa ba ya iya jure tambaya ɗaya sau goma. Ana buƙatar wanda ya iya riƙe babban aji, ya iya ɗan gyaran na'ura in ta mutu ana tsakiyar darasi, ya iya lallashin shugaban makaranta a kan kuɗin mai ko batirin sola, ya iya yi wa uba bayani in ya zo yana cewa, “Malam, na ji an ce wasa kuke sa su.” Amsar da ta fi gamsarwa ita ce a zaunar da uban, ɗansa ya nuna masa abin da ya ƙera, ya karanta masa takardar da ya tsara shi a kai.

Albashi na malanta ne, kowa ya san yadda yake. Shi ya sa mafi yawa ke haɗawa da lesin na yamma, ajin hutu, horar da masu shirin JAMB, gyaran kwamfuta ko buga takardu. Babbar asarar sana'ar ita ce duk wanda ya ƙware sosai, kamfanoni da aikin intanet na jiransa da kuɗin da makaranta ba za ta iya biya ba. Ɗakunan kwamfuta da yawa sun rufe ne ranar da mutum ɗaya ya tafi, na'urorin na nan lulluɓe da ƙura. Makarantar da ke son abin ya ɗore takan horar da malamai biyu ko uku, ta kuma ɗora manyan ɗalibai su riƙa taya ƙanana.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ana yi wa masu sana'ar wata sabuwar tambaya: tunda na'ura na rubuta kodin da kanta, me ya rage a koyar? Wanda ya gwada ya san amsar. Na'urar tana buƙatar a faɗa mata abin da ake so cikin jimloli marasa harshen damo, kuma abin da ta fitar yakan zo da kuskure, sai mai iya karantawa layi-layi ne zai kama shi. Abubuwa biyun nan, rubuta umarni sarai da karanta shi da lura, su ne malamin kodin yake koyarwa tun ranar kwali da alli. Don haka mai son auna aikinsa kada ya ƙirga kwamfutocin da ke ɗakin. Ya kira yaro ɗaya daga layin baya, ya ba shi kodin da bai taɓa gani ba, ya ce ya karanta ya faɗi abin da zai faru kafin a kunna.